Tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin A Streetcar Named Desire na 1951

Fim ɗin ya haura shekara 70, amma har yau in mutum biyu suka kalle shi tare da wuya su tashi bakinsu ɗaya. Wani zai ce matar ita ta jawo wa kanta, wani ya ce zaluntar ta aka yi. Ga tambayoyin da masu kallo suka fi yi. Wanda bai kalla ba ya sani cewa amsoshin sun faɗi yadda labarin ya ƙare.

Wane fim ne, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na Amurka, baƙi da fari, kamfanin Warner Bros. ya fitar da shi a 1951. Asalinsa wasan daɓe ne da Tennessee Williams ya rubuta. An fara nuna wasan a New York ranar 3 ga Disamba 1947, aka yi ta nunawa har sau 855, ya kuma ciwo wa marubucin kyautar Pulitzer a 1948. Elia Kazan ne daraktan wasan, shi ne kuma daraktan fim ɗin, ya taho da manyan 'yan wasansa uku daga daɓe: Marlon Brando ya fito a Stanley Kowalski, Kim Hunter a Stella, Karl Malden a Mitch.

Babbar jarumar kaɗai aka sauya. Jessica Tandy ce Blanche a New York, amma masu zuba kuɗi suna son sunan da zai cika sinima. Sai aka ɗauko Vivien Leigh, 'yar Ingila, wadda duniya ta san ta tun fim ɗin Gone with the Wind na 1939, wadda kuma ta riga ta fito a Blanche a Landan a 1949 ƙarƙashin umarnin mijinta Laurence Olivier.

Mene ne wannan suna nasa?

A birnin New Orleans akwai taragun cikin gari masu tafiya da lantarki a kan dogo, kowane layi da sunan titin da yake bi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Desire, wato Sha'awa. Layin gaske ne, ya yi aiki daga 1920 zuwa 1948, aka maye gurbinsa da bas. Kwatancen da aka yi wa Blanche na gidan ƙanwarta shi ne ta hau Sha'awa, ta sauka ta hau wani mai suna Maƙabarta, sannan ta sauka a titin Elysian Fields, wanda a tatsuniyoyin Girkawa nan ne makomar matattu na kirki. Duk tafiyar rayuwarta tana cikin kwatancen nan.

Mene ne labarin?

Blanche DuBois malamar makaranta ce daga jihar Mississippi, 'yar gidan da suka taɓa mallakar katafariyar gona mai suna Belle Reve. Ta iso New Orleans da akwati ɗaya, ta sauka wurin ƙanwarta Stella, wadda ke auren Stanley, tsohon soja ɗan asalin Poland, mai ƙarfi da zafin zuciya. Gidan ciki biyu ne, labule kawai ya raba su. Blanche ta ce hutu ta ɗauka daga aiki, ta kuma sanar da Stella cewa gona ta salwanta. Stanley bai yarda ba, yana ganin sayarwa ta yi ta cinye rabon matarsa. Ya shiga bin diddiginta har ya tono abin da ta gudo wa: an kore ta daga makaranta saboda alaƙa da wani ɗalibi ɗan shekara 17, an kuma sallame ta daga wani ƙaramin otal mai suna Flamingo saboda yawan mazan da ke zuwa wurinta. Ya kwashe ya kai wa abokinsa Mitch, wanda ke shirin aurenta. Aure ya fasu. Daren da Stella ke asibiti tana haihuwa, Stanley ya yi wa Blanche fyaɗe. Bayan 'yan makonni aka zo aka tafi da ita asibitin masu taɓin hankali.

Me ya sa ake lissafa shi cikin finafinan da ke bin abin da ke cikin zuciyar mutum?

Saboda ainihin abin da ke faruwa a cikin kan Blanche yake faruwa, Kazan kuma ya nemo hanyoyin da mai kallo zai gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Akwai ƙwan lantarki tsirara a ɗakin, ta sayo fitilar takarda irin ta Sin ta sa aka rufe shi, domin ba ta so a ga fuskarta a haske. Ba ta fita da Mitch sai da dare. Tana shiga banɗaki ta daɗe cikin ruwan zafi alhali garin na fama da zafi, ta ce jijiyoyinta take kwantarwa, Stanley na waje yana buga ƙofa. Tana kurɓar giya a ɓoye, ta wanke kofi, in an yi mata tayi ta ce ai ba ta cika sha ba.

Sai kiɗan. Akwai wani kiɗan rawa da ke tashi a kunnenta ita kaɗai, ba ya tsayawa sai an ji ƙarar bindiga. Mai kallo na ji tare da ita, sauran mutanen ɗakin ba sa ji. Alex North ne ya tsara kiɗan fim ɗin, ya ɗora shi a kan salon jaz na New Orleans, abin da ba a saba yi ba a Hollywood a lokacin. Kazan kuma ya sa an riƙa matso da bangon ɗakunan kaɗan-kaɗan yayin da labari ke tafiya. Ba ka lura da lokacin da aka yi, sai dai ka ji gidan ya yi maka ƙunci.

Ai Blanche maƙaryaciya ce. Me ya sa za a tausaya mata?

Tana ƙarya, babu musu. Ta rage shekarunta, ta ɓoye korar da aka yi mata, ta nuna wa Mitch cewa ita mace ce mai kamun kai irin na da. Tana da girman kai, tana raina talaucin gidan da ke ciyar da ita, ta kira mai gidan dabba a bayan idonsa, shi kuwa yana laɓe yana ji. Abin da ta yi da ɗalibinta laifi ne babba, fim ɗin ma bai wanke ta ba: akwai wurin da wani saurayi mai karɓar kuɗin jarida ya shigo, ta tsare shi da zance har ta sumbace shi, sannan ta sallame shi tana faɗa wa kanta cewa dole ta cire hannunta daga yara.

Amma a duba irin ƙaryar tata, a duba kuma inda ta faɗi gaskiya. Ƙaryarta duk ta rufin asiri ce, ta macen da ta rasa komai tana neman inda za ta raɓa. Maganar gona kuwa gaskiya ta faɗa. Da Stanley ya zazzage akwatinta yana ɗaga riguna da sarƙoƙi yana cewa ga inda kuɗi suka tafi, ta miƙa masa tarin takardu, duk na jingina da bashi. Kakanni da iyaye maza ne suka yi ta yankar filin suna sayarwa don sharholiyarsu. Stella ta bar gida ta yi aurenta, Blanche ce ta zauna ta yi jinyar uwa da sauran dangi ɗaya bayan ɗaya, ta biya kuɗin jana'iza da albashin malanta. Akwai inda take gaya wa Stella cewa ke jana'iza kawai kike zuwa, jana'iza kuwa tsaf take da furanni, ba ki ga yadda ake fitar rai ba. Duk wanda ya taɓa yin doguwar jinya shi kaɗai, 'yan'uwa na nesa sai ranar zaman makoki, ya san daga inda maganar nan ta fito.

Babban abin da ta faɗa a ƙarshe, cewa mijin ƙanwarta ya keta mata haddi, shi ma gaskiya ne. Ƙananan ƙaryace-ƙaryacenta na baya su suka ba mutanen gidan hujjar ƙin yarda da ita. A ganina nan ne zuciyar fim ɗin take.

Me ya sami mijin Blanche? Fim ɗin bai fito da abin fili ba.

Da gangan aka lulluɓe shi. A rubutun wasan, ta auri wani yaro mai rubuta waƙoƙi, Allan Grey, tana da ƙuruciya sosai, tana son sa kamar ranta. Wata rana ta shiga ɗaki ta tarar da shi da wani namiji. Suka yi kamar ba abin da ya faru, suka tafi wurin rawa, ana cikin rawa ta kasa daurewa ta ce masa ta gani, kuma yana ba ta ƙyama. Ya fita da gudu ya harbe kansa a bakin tafki. Kiɗan da ake yi a lokacin shi ne wanda ke dawo mata.

Dokokin tace finafinai na Hollywood a wancan zamani sun hana ambaton irin wannan, sai aka mayar da shi cewa mijin rago ne marar ƙwari, ita kuma ta raina shi. Shi ya sa wanda ya kalli fim kaɗai yakan rasa gane abin da ya kai yaron ga kashe kansa. Abin da bai canja ba shi ne nauyin da take ɗauke da shi: magana ɗaya ta faɗa, mutum ya mutu.

To Stanley fa? Ba shi da tasa gaskiyar?

Yana da ita, kuma wannan ne ya sa labarin ke da wuyar yanke hukunci. Mutum ne a gidansa, baƙuwa ta zo ta tare wata da watanni, ta mamaye banɗaki, tana shan giyarsa tana zuga matarsa ta bar shi. Maganar dukiya ma yana da abin kafa hujja: yana ta ambaton dokar Napoleon, wadda jihar Louisiana, inda New Orleans take, ta gada daga Faransa, yana cewa abin mata na miji ne. Duk abin da ya tono game da Blanche kuma ya tabbata.

Sai dai gaskiya a hannunsa makami ce. Bai tono don ya kare kowa ba, ya tono ne don ya karya ta. Ranar bikin zagayowar haihuwarta ya zaɓa ya miƙa mata kyauta, ta buɗe da murna, ta ga tikitin bas na komawa garin da ya san an kore ta. A wajenmu yayar mata kusan suruka ce, ana jin nauyinta ko da ba a son halinta, don haka mai kallo Bahaushe zai ji wulaƙancin nan har cikin ƙashinsa. Tun kafin nan ma mun ga waye shi. Daren da suke caca da karta, ya bugu, ya fizge rediyo ya wurga ta taga, ya doki matarsa mai ciki, sai da abokansa suka danne shi suka tura shi ƙarƙashin ruwa.

Me ya sa Stella ta koma masa a daren da ya doke ta?

Wannan ce fitowar da ta fi shahara. Stella ta gudu sama wurin maƙwabciyarsu Eunice. Stanley ya fito jiƙe sharkaf, riga a yage, ya tsaya ƙasan bene yana ƙwala mata kira yana kuka. Ta fito, ta sauko a hankali, ya durƙusa ya rungume cikinta, ya ɗauke ta suka shige. Da safe Blanche ta zo a firgice tana cewa su gudu, ta tarar da ita kwance hankalinta a kwance, tana cewa ai in maza suka sha suka yi caca haka ake yi, kuma ya yi nadama.

Tana son sa, so na jiki mai ƙarfi, fim ɗin bai ɓoye ba. Ga ciki, ba ta da kuɗin kanta, gidan iyaye ya tafi. Kim Hunter ta buga Stella a matsayin mace mai hankali wadda ta san abin da ta zaɓa, ta kuma san abin da take kau da kai daga gare shi. Idan ka sake kallon fim ɗin, ka bar sauran biyun ka zuba mata ido. Ita ce ke tsakiya, ita ce kuma a ƙarshe ta amince a tafi da yayarta.

An nuna fyaɗen?

Ba a nuna ba, amma babu mai shakka. Blanche ta fasa kwalba don ta kare kanta, ya kama hannunta, madubi ya tarwatse, aka ga fuskarta a cikin fasasshen gilashi, sai hoto ya koma kan tiyo yana feshin ruwa a titi. Ofishin tace finafinai, wanda Joseph Breen ke shugabanta, ya so a cire wurin ɗungurungum. Williams da Kazan suka ƙi, domin in babu shi labarin ya zama na mahaukaciyar da ta takura wa mutanen kirki. Aka daidaita a kan a bar shi a lulluɓe, da sharaɗin a hukunta Stanley a ƙarshe.

Ke nan ƙarshen fim ya bambanta da na wasan?

Ƙwarai. A wasan, Stella ta gaya wa Eunice cewa ba za ta iya yarda da labarin yayarta ba kuma ta ci gaba da zama da Stanley. Eunice ta ce kada ta taɓa yarda, rayuwa dole ta ci gaba. Aka tafi da Blanche, Stella na kuka, Stanley na lallashin ta, maza suka ci gaba da kartarsu. A fim kuwa Stella ta ɗauki jaririnta ta haye sama tana cewa ba za ta ƙara komawa ba, Stanley na ƙwala kira.

Ƙarshen wasan ya fi ɗaci, kuma ina ganin ya fi gaskiya. Amma ko na fim ɗin bai rufe ƙofa ba. Benen da ta hau shi ne dai wanda muka ga ta sauko daga kansa a baya, kiran ma shi ne.

Mitch mutumin kirki ne?

Yana da taushin zuciya, yana jinyar mahaifiyarsa, kaɗaici ya ishe shi kamar yadda ya ishi Blanche. Da ya ji labarinta sai ya zo a buge, ya yage fitilar takardar ya haska fuskarta, ya ce ba ta da tsarkin da zai kai ta gidan mahaifiyarsa, amma duk da haka ya kai mata hannu yana neman abin da ya ji wasu sun samu. Ranar da aka zo ɗaukar ta yana zaune a teburin karta, ya fashe da kuka. Kirkinsa bai kai ya tsaya mata ba.

Da ma tana da taɓin hankali, ko gidan ne ya haukata ta?

Blanche ta iso da rauni: firgita, shaye-shaye, kiɗan da ke kunnenta. Amma ta san inda take, tana da wayo da kaifin baki, ta kuma san lokacin da take ƙarya, har ta gaya wa Mitch cewa ita abin da ya kamata ya zama gaskiya take faɗa. Da auren ya yiwu, mai yiwuwa ta lallaɓa. Bayan fasa auren ne ta fara saka tsohuwar rigar biki da kambin ƙarya tana magana da mutanen da ba sa nan. Bayan fyaɗen ta daina bambancewa, tana jiran wani attajiri tsohon saurayinta ya zo ya tafi da ita yawon teku.

Da likita da ma'aikaciyar jinya suka iso ta ga ba shi ba ne, ta ruga, matar ta danne ta a ƙasa. Likitan ya cire hularsa, ya kira ta da sunanta cikin ladabi, ya miƙa mata hannu. Ta tashi ta bi shi, tana cewa ita da ma kullum da alherin baƙin ido take dogara. Girmamawar da ta yi wata da watanni tana nema a gidan ƙanwarta, wurin wanda ya zo kulle ta ta same ta.

Williams ya san wannan ciwo a gida. Yayarsa Rose ta yi fama da taɓin hankali, a 1943 aka yi mata tiyatar ƙwaƙwalwa irin wadda ake yi a lokacin, ba ta ƙara komawa daidai ba, ta ƙare rayuwarta a gidajen jinya har ta rasu a 1996. Shi ya ɗauki nauyin kula da ita.

Me ya sa ake yawan zuzuta wasan Brando a nan?

Fim ɗinsa na 2 ke nan, yana ɗan shekara 27 lokacin da ya fito. Kafin shi jaruman Hollywood suna magana tsaf kamar masu karanta labarai. Shi kuwa ɗalibin malamar koyar da wasan kwaikwayo Stella Adler ne, ya zo yana magana da abinci a baki, yana susa, yana gumi cikin matsattsiyar singileti, ba ka sanin lokacin da zai fashe. Leigh kuma horon daɓen Ingila gare ta, komai a ƙawace. Bambancin salon nasu ya yi wa labarin daidai, domin mutanen biyu ma daga duniya biyu suke.

Akwai haɗari a ciki: kwarjinin Brando yakan ja mai kallo ya goyi bayan Stanley fiye da yadda ya cancanta. A bikin Oscar na 1952 an saka fim ɗin a rukuni 12, ya ci 4: Leigh, Hunter, Malden, da tsara ɗakunan wasa. Shi ne fim na farko da ya kwashe kyautar jarumai 3. Brando bai samu ba, Humphrey Bogart ne ya ɗauka da The African Queen.

Gaskiya ne fim ɗin ya taɓa lafiyar Vivien Leigh?

Tana da ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma ciwon ya riga fim ɗin. Amma ta shafe watanni tana zama Blanche kowane dare a Landan kafin ta zo gaban kyamara, an kuma ruwaito ta ce matsayin ne ya ingiza ta. A 1953 ciwon ya kayar da ita tana tsakiyar ɗaukar wani fim a Silon, wato Sri Lanka ta yau, aka maye gurbinta da Elizabeth Taylor. Ta rasu a 1967 da tarin fuka tana da shekara 53.

Wane kwafi ya kamata a nema, kuma ana iya kallo da yara?

Kafin fim ɗin ya fita, wata ƙungiyar cocin Katolika mai sa ido kan finafinai ta yi barazanar haramta wa mabiyanta kallonsa. Kamfanin ya yanke 'yan mintoci ba tare da sanin Kazan ba, ciki har da hotunan fuskar Stella tana saukowa daga bene da kiɗan da ke tare da su. An mayar da su a 1993, kwafin ya kai kusan minti 125. Shi za a nema. An sake yin labarin don talabijin a 1984 da 1995, amma a fara da na 1951.

Babu tsiraici a ciki, amma ba na yara ba ne: akwai giya, dukan mace, labarin wanda ya kashe kansa da fyaɗe. Turancin ma na kudancin Amurka ne, Brando kuma yana tauna kalmomi, don haka a kunna rubutun ƙasa. Wadda ta taɓa shiga irin wannan hali, ko wanda ke da mai taɓin hankali a gida, ya shirya wa rabin sa'ar ƙarshe, tana da nauyi sosai.